Yadda ake maida adireshi lambobin GPS a waya, da yadda ake maida lambobin wuri

In ka tambayi mutumin Yamai adireshinsa ba lamba zai ba ka ba, kwatance zai yi ma: ka wuce rampuwan, ka bar farmasi a hannun dama, ka sauka daga gudron ka shiga laterit ta biyu, akwai mai shayi ƙarƙashin bedi, ka tambaye shi gidan mai ƙofa shuɗiya. Da mutum wannan kwatance yana aiki sarai, direban taksi da ɗan kabu-kabu da shi suke cin abinci, amma waya ba ta san mai shayi ba, ita lambobi biyu ta sani, kuma duk wani jan alama da ka gani a taswira lambobin nan biyu ne a ƙarƙashinsa. To abin da za mu yi nan shi ne mu ga yadda ake fitar da lambobin daga wuri ko adireshi, da yadda in an turo ma lambobin za ka maida su wurin da za ka iya zuwa da ƙafarka. Zan yi misali da Google Maps tunda ita ce ke cikin kusan kowace Android, kuma zan faɗi sunayen maɓallan da Faransanci don yawancin wayoyinmu a haka suke.

Lambobin da fari. Ta farko ita ce latitid, tana faɗin nisanka daga layin da ya raba duniya biyu, arewa ko kudu. Ta biyu lonjitid, nisanka gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Greenwich can Ingila. Tsakiyar Yamai tana wajen 13.51 da 2.11, Tahoua wajen 14.89 da 5.26, Maradi 13.50 da 7.10, Agadez 16.97 da 7.99. Ka lura da abu guda da zai cece ka daga wahala da yawa: Nijar kaf tana arewa da wancan layin, tana kuma gabas da na Greenwich, saboda haka babu alamar ragewa gaban lambobinmu, ko guda. Kuma a Yamai da Tahoua lamba ta farko ita ce babba, ta biyu ƙarama. In ka ga lambar Yamai ba ta fara da 13 ba, ta biyun ba ta fara da 2 ba, ko 1.9 da wani abu can bakin gari ta yamma, to tsaya ka sake dubawa kafin ka hau babur.

Mafi sauƙi shi ne in kana tsaye a wurin. Fita waje, ba cikin ɗaki mai rufin kwano ba, kada kuma ka tsaya ƙarƙashin rumfar kasuwa, ka tsaya daidai ƙofar gida ta bakin hanya inda sama take a buɗe. Kunna lokalizasiyo daga saman waya, buɗe Maps, za ka ga ɗigo shuɗi da wani da'ira mai haske kewaye da shi. Da'irar nan ita ce wayar ke ce ma ban tabbata ba tukuna, kana wani wuri cikin nan, don haka kada ka yi gaggawa, ba ta minti ɗaya ko biyu har da'irar ta tsuke. Mutane da yawa nan suke ɓata abin, suna buɗewa su tura nan take, alhali wayar ba ta kama taurarin ɗan'adam ba tukuna, da eriyar rezo kawai ta ƙiyasta, sai a tura baƙo wata unguwa daban. Da ta tsuke sai ka buɗa taswirar da yatsu biyu sosai, ka ɗora yatsa kusa da ɗigon a wurin da babu rubutu, ka danne ka riƙe. Jan alama zai sauka, ƙasa za a rubuta Repère placé, lambobin kuma za su fito a akwatin bincike na sama, in iPhone ce sai ka jawo farin allon na ƙasa ka gan su. Taɓa su su kwafu, ka je ka manna inda kake so.

Ni shawarata kada ka bar su cikin Maps kawai. Buɗe lambar wayarka da kanka a kontak ko wajen rubutu, ka ajiye su da suna, gida, shago, gidan Inna, gona. Sau ɗaya ake wannan aikin, don sunan titi yana canzawa amma lambobin wuri ba sa motsi. Mun gani a Oktoban 2024 da aka maida Avenue Charles de Gaulle ta koma Avenue Djibo Bakary, wata taswira ta gyara da wuri wata ta daɗe da tsohon suna, amma 13 da ɗigonta suna nan inda suke.

Yanzu in ba ka wurin, adireshi kawai ke hannunka. Nan ne aikin yake, kuma nan nake so mu daɗe kaɗan. Abin da manhajar ke yi in ka rubuta suna shi ne ta duba cikin rumbunta ko wani ya taɓa shigar da sunan nan tare da lambobinsa, ba wai ta san gari ba ne. In an shigar za ta ba ka, in ba a shigar ba za ta lalubo abin da ya yi kama da shi ta miƙo ma ba tare da kunya ba. Shi ya sa manyan wurare ba su da matsala, ka rubuta Grand Marché Niamey ko Stade Général Seyni Kountché ko Pont Kennedy ko filin jirgin Diori Hamani, alama za ta faɗa daidai, ka danne kusa da ita ka ɗebi lambobi. Amma rubuta sunan unguwa kawai, Talladjé ko Koira Tegui ko Niamey 2000, alamar za ta sauka tsakiyar unguwar ne, kuma tsakiyar unguwa da gidan da kake nema ana iya samun kilomita biyu tsakani. Lambobin da ka kwafa a nan na gaskiya ne, sai dai ba na gidan ba ne.

Akwai kuma allunan nan da ke manne a bangon kusurwa, Rue YN da lamba a Yantala, PL a Plateau, KK a Koira Kano, da lambar ƙofa. Wasu titunan suna cikin taswira da wannan sunan, gwada rubutawa da Niamey a ƙarshe, amma ko an samu titin ba lalle a samu ƙofar ba, sai ta aje ka tsakiyar layin. Sababbin unguwannin bayan gari kuwa yawanci babu allon ma, sai lambar ilo da parsel da ke kan takardar fili, waɗannan kuwa Maps ba ta san da zamansu ba sam. Kada ka ɓata megarka kana rubuta su.

To ya ake yi? Da ido. Nemo babban wurin da ya fi kusa wanda taswira ta sani, masallacin Juma'a, makaranta, sitasiyon mai, asibitin unguwa. Sai ka taɓa ƴar alamar nan mai kama da takardu a jere ta hannun dama sama, ka zaɓi Satellite, garin zai fito kamar kana kallonsa daga jirgi, rufin gidaje da itace da filin ƙwallo duka. Daga nan ka bi kwatancen da aka yi ma da yatsa, ga gudron, ga laterit ta farko, ga ta biyu, ga kusurwa, gida na uku. In mai gidan yana kusa da waya ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka tura mishi ya zagaye rufinsa da jan layi, mutane suna gane gidansu daga sama fiye da yadda kake zato, musamman in akwai itace a tsakar gida. Da ka tabbata sai ka danne kan ƙofar, ba tsakiyar gidan ba, don in gidan yana tsakanin layi biyu taswira tana iya kai baƙo ta bayan katanga ya yi ta buga waya yana cewa ga ni na iso ban ga ƙofa ba. Ka tuna kuma hoton sama ba na yau ba ne, wani ya yi shekara ko fiye, filin da ka gani fayau ƙila yanzu bene ne a kai.

Rubutun suna ma yana da nashi rikici. Koira da Kouara, Harobanda a haɗe ko a rabe, Birni N'Konni ko Konni kawai, Tahoua da Tawa. In ba ta fito ba canza rubutun, ka fi samun sa'a da yadda ake rubutawa a takardun gwamnati. Ƙauyuka kuma akwai masu suna ɗaya birjik, Sabon Gari nawa ne, Tunga nawa, Gidan wane nawa, har da na Nijeriya za ta jero ma. Koyaushe ƙara sunan babban gari, in ta nuna ma wurin ka matse taswirar ka ga ko yana kusa da Illéla ɗin da kake nufi ko ya tsallaka iyaka.

Sai ɗaya ɓangaren, an turo ma lambobi kana son ka san ina ne. Buɗe Maps, manna su a akwatin bincike, latitid da fari, sai waƙafi, sai lonjitid, kamar haka 13.5125, 2.1100 ka danna bincike. Alama za ta sauka, ƙasa a rubuta abin da manhajar ta sani game da wurin, wani lokaci sunan titi da unguwa, wani lokaci ta ce hanya marar suna, wannan ba kuskure ba ne, wurin daidai yake, suna ne ba shi da shi a rumbunta. Daga nan Itinéraire, ka zaɓi mota ko ƙafa.

Abu uku ke ɓata wannan. Na farko namu ne na masu karatun Faransanci, mun saba rubuta 13,5125 da waƙafi, allon rubutun wayar ma wani lokaci shi yake ba ka, Maps kuwa ɗigo take so cikin lamba, waƙafi sai tsakanin lambobin biyu. In ka zuba waƙafi uku sai ta ce ba ta samu ba, ko ta kai ka inda ba ka aike ta ba. Na biyu juya su. Ka sa 2.11 gaba 13.51 baya, ka bar Yamai ke nan ka faɗa dajin iyakar Kamaru da Kongo, na Tahoua in ka juya su yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya za ka tsinci kanka. Wasu manhajojin masu aikin taswira lonjitid suke farawa da ita, shi ya sa ake samun juyin in an kwafo daga fayil ɗin wani ofis. Na uku ƴar alamar ragewa da ke maƙalewa in an kwafo daga saƙon da aka sa karan layi tsakanin lambobi, 13.51 da -2.11 ba Yamai ba ce, arewacin Burkina ne wajen Ouahigouya.

Wata rana kuma lambobin za su zo da wata kama, 13°30'45"N 2°06'36"E. Wuri guda ne da wancan na sama, rubutun ne daban, digiri da minti da sakan, haka kamfas ɗin iPhone ke nunawa, haka ma tsofaffin rahotannin rijiyoyi da na'urorin GPS na hannu. Maps tana karɓar sa in ka manna shi da alamominsa cif, in kuma alamomin sun ɓace a hanya to lissafin ba wuya, irin na agogo ne, minti 60 ke digiri guda, sakan 60 ke minti guda. Raba mintin da 60, raba sakan da 3600, tara da digirin. 30 a raba da 60 ya ba da 0.5, 45 a raba da 3600 ya ba da 0.0125, ka tara da 13 ka samu 13.5125. Ɗayar kuma 6 bisa 60 shi ne 0.1, 36 bisa 3600 shi ne 0.01, ya zama 2.11. Abin da ba a yi shi ne a kwashe alamomin a manne lambobin a rubuta 13.3045, wallahi mutane suna yin haka, kuma da yake digiri guda kusan kilomita 111 ne, wannan ɗan ganganci ya jefa ka kilomita 23 kudu da inda ake jiranka. In komawa za ka yi, ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 60. Na Tahoua 14.89, wato 0.89 sau 60 ya ba da 53.4, minti 53 ke nan, sauran 0.4 sau 60 sakan 24, ka samu 14°53'24". In ka ga O a ƙarshe maimakon E, ta Faransanci yamma ke nan, ba sifiri ba ne, kuma ba cikin Nijar ba ne.

Lamba nawa za a bari bayan ɗigo? Uku suna kawo ka cikin mita 111, huɗu mita 11, biyar kusan mita guda. Biyar ko shida sun isa komi. Masu turo goma sha biyu ba su fi ka daidai ba, wayar kanta a fili mai kyau kuskurenta yana kai mita 5, cikin lungu ko gefen bene ya fi haka. Amma kada ka datse su koma biyu don saƙo ya yi gajere, 13.51 kawai faɗinsa ya fi kilomita.

Kan maganar mita biyar ɗin nan, masu sayen fili ku saurara. A takardun masu awon fili za ku ga X da Y, ɗaya lamba shida ɗaya lamba bakwai, a Yamai X wajen 400000 Y wajen 1490000 zuwa sama. Wannan UTM ne, mita ake ƙirgawa ba digiri ba, kuma sai an san shiyya, Yamai da garin Tahoua suna shiyya ta 31, Maradi da Damagaram da Agadez ta 32, Diffa ta 33. Google Maps ba ta cin wannan kai tsaye, sai ka nemi manhajar da ke juya UTM, ko OsmAnd, wata manhajar taswira wadda ake iya canza mata tsarin lambobi a saituna, ka sa shiyya 31 arewa, ka tabbata tsarin WGS 84 ne don shi GPS ke amfani da shi, tsofaffin taswirori wasu da wani tsarin aka yi su, sai ka ga wurin ya goce. Wannan zai nuna ma ko filin da ake tallata ma yana unguwar da aka ce, ko cikin kwazazzabon da ruwa ke bi da damina yake, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin koyo. Amma kafa borni da raba iyaka da maƙwabci ba aikin waya ba ne, mita biyar a parsel ɗaki guda ne, a kira mai awo da na'urarsa.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake ganin ta fi dacewa da mu, Plus Code, Google ta fito da ita a 2014 don wuraren da ba su da adireshi. Lambobin nan biyu ne dai aka dunƙule cikin haruffa kaɗan, misalin da muka yi ta amfani da shi zai zama G476+22 Niamey. In ka taɓa ɗigo shuɗi ko jan alama za ka gan shi. Yana nuna ɗan fili kamar mita 14 kowane gefe, ya fi sauƙin karantawa a waya ko rubutawa a allon shago da katin biki. Sai dai dole sunan garin ya biyo baya, in ka bar shi manhajar za ta ɗauka garin da mai binciken yake ciki ake nufi. Cikakkensa ba ya bukatar suna, na Yamai yana farawa da 7F54, na Tahoua 7F67.

WhatsApp kuwa kowa ya iya, alamar maƙala, Localisation, amma zaɓi biyu ne kuma ana rikita su. Position actuelle tana tura inda kake a lokacin ta tsaya nan, ita ce ta kwatancen gida, ƙasanta ma ana rubuta kuskuren mita nawa ne, jira lambar ta sauko kafin ka tura. En direct kuma binka take duk inda ka yi, minti 15 ko awa 1 ko awa 8, ta mai tafiya ce da ake son a san inda ya kai. Wanda aka tura ma in yana son lambobin sai ya taɓa taswirar ta buɗe a Maps ya danne kan alamar.

Ga masu fita daji, ƴan rijiyoyi da masu allurar dabbobi da masu zuwa gona wajen Abalak ko Keita ko Tchintabaraden, ku sani GPS ba ya cin mega, ba ya ma bukatar rezo. Wayar saurare kawai take, taurarin suna can sama wajen kilomita 20,200 suna aiko da lokaci, in ta ji guda huɗu ta lissafa inda take, kuma wayoyin yanzu ban da na Amurka suna jin na Rasha da na Turai da na Sin. Abin da ke bukatar intanet shi ne hoton taswirar da neman suna. Don haka tun kana gari ka taɓa hoton asusunka da ke kusurwar sama a Maps, Plans hors connexion, ka zaɓi yankin ka sauke, ko ka sa Organic Maps ko OsmAnd ka sauke Nijar gaba ɗaya, su da taswirar OpenStreetMap suke aiki wadda mutane ke zanawa da hannunsu, wani ƙauyen ma ta fi Google saninsa, wani wurin kuma Google ta fi, ni ina ajiye biyun. Ba rezo kamun farko yana daɗewa, ba shi mintoci. In mota ta lalace kuma sanda guda ta rezo ka samu, SMS ya isa, rubuta lambobin biyu ka tura, ko ka rubuta maps.google.com/?q=14.8900,5.2650 ba tazara ko ɗaya, wanda ya karɓa yana taɓawa za ta buɗe mishi.

Lambobin ƙofar gidanka kuma ba abin zubawa a gurup mai mutum ɗari biyu ba ne ko a status, tura ma wanda zai zo shi kaɗai. Hoton da ka ɗauka ma in lokalizasiyon kamara a kunne yake yana ɗauke da lambobin a cikinsa, WhatsApp tana goge su in ka tura a matsayin hoto, in ka tura a matsayin dokima suna tafiya tare. Kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro kuwa, a halin da ake ciki, maida wayar aljihu ka wuce, ka ɗauki lambarka gaba.

In za ka tura ma baƙo, haɗa mishi biyun, lambobin da kuma layi guda na kwatance, launin ƙofa, gefen da take kallo, da hanyar da ta fi kyau. Taswira gajeriyar hanya take zaɓa, ba ta san layin da ruwa ya cinye a watan Agusta ba, ba ta san inda aka kafa rumfar biki aka toshe hanya ba, sai ka rubuta mishi ya shigo ta wajen makaranta, kada ya bi ta bayan kasuwa.